Ƙarancin cif a duniya (2020–2023)

Ƙarancin cif a duniya wani yanayi ne da aka shiga daga ƙarshen shekarar 2020 har zuwa cikin 2023, lokacin da buƙatar cif, wato 'yan ƙananan na'urorin nan na silikon da ke tafiyar da kwamfuta da wayar salula da mota, ta zarce abin da masana'antun duniya suke iya ƙerawa. Ƙarancin ya tsayar da aiki a masana'antun motoci na Amurka da Turai da Asiya, ya sa na'urorin wasan bidiyo da wasu kayan kwamfuta suka yi wuyar samu kusan shekara biyu, sannan ya sa gwamnatoci da dama suka ware biliyoyin daloli domin gina masana'antun cif a ƙasashensu.

Annobar korona ce ta tayar da matsalar, amma yanayin sana'ar ne ya sa ta daɗe. Ƙera cif yana cin watanni, gina masana'antarsa yana cin shekaru, kuma kamfanoni ƙalilan ne a ƙasashe ƙalilan suke riƙe da aikin. Mafi yawan cif ɗin da aka rasa, musamman a harkar motoci, masu arha ne na tsohuwar fasaha, waɗanda wasunsu kuɗinsu bai wuce dala ɗaya ko biyu ba. Rashin guda ɗaya daga cikinsu ya isa ya hana mota ta dala dubu arba'in fita daga masana'anta.

Suna

An aro kalmar cif ne daga Turanci, inda asalinta take nufin ɗan ɓalli ko guntun abu. Da yake Hausa takan mayar da sautin p na baƙin kalmomi zuwa f, kamar yadda aka yi a fensir da famfo da fasfo, sai kalmar ta zo daidai da wata tsohuwar ararriyar kalma, cif ta cif joji, duk da cewa babu abin da ya haɗa su. Wasu marubuta sukan ce guntun kwamfuta ko ƙwaƙwalwar na'ura. Na biyun yana da ɗan ruɗarwa, domin cif da yawa ba sa lissafi kuma ba sa adana komai, aikinsu daidaita wuta ne kawai ko jin zafi da motsi. A wannan muƙala an yi amfani da cif a matsayin tilo da jam'i.

Yadda ake ƙera cif

Cif wani ɗan falle ne na silikon wanda aka zana wa hanyoyin lantarki da taransista masu yawa. Taransista kamar makunni ce da ke buɗe wa wuta hanya ko ta rufe. Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ya haɗa na farko a 1958, Robert Noyce na Fairchild kuma ya fito da na silikon a 1959. Na farkon taransista ɗaya ke cikinsa. Cif ɗin M1 da Apple ya fitar a Nuwambar 2020 yana ɗauke da taransista biliyan 16.

Ana tace silikon daga ma'adinin yashi, a narkar da shi a mayar da shi dunƙule, a yanka shi faya-fayai masu faɗin santimita 20 ko 30. A kan faifan ake zana hanyoyin lantarkin da haske, hawa bisa hawa, cikin matakai ɗaruruwa, a ɗakunan da ƙwayar ƙura ɗaya za ta iya lalata aiki. Daga shigar faifai zuwa fitarsa akan ɗauki kimanin wata uku. Bayan nan sai a tura shi wata masana'antar, sau da yawa a wata ƙasar, kamar Maleshiya ko Sin ko Filifin, inda za a yanyanka shi, a sa wa kowane cif gidansa na roba mai ƙafafun ƙarfe, a gwada shi. Saboda haka odar da aka bayar yau ba ta zama kaya a hannu sai bayan wata huɗu zuwa shida, ko da babu layi. Sabuwar masana'anta ta zamani kuwa takan ci dala biliyan 10 zuwa 20, kuma ba ta fara fitar da kaya sai bayan shekara biyu ko uku.

Wannan tsada ce ta raba sana'ar gida biyu. Kamfanoni irin su Apple, Nvidia, AMD, Qualcomm da MediaTek suna zana cif ne kawai, ba su da masana'anta. Sukan kai zanen wurin masu ƙerawa, kuma babbansu shi ne TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987 a birnin Hsinchu. Fiye da rabin aikin ƙera wa wasu cif a duniya yana hannun TSMC, kuma a mafi ƙanƙantar fasaha kasonsa ya kai kusan kashi 90 cikin 100. Samsung na Koriya ta Kudu ne ke bi masa. Injin da ake zana mafi ƙanƙantar cif da shi kuwa kamfani ɗaya ne tak ke yin sa a duniya, ASML na garin Veldhoven a ƙasar Holan, kuma a lokacin ƙarancin kowane ɗaya kuɗinsa ya kai wajen dala miliyan 150.

Ana rarraba fasahar ƙera cif da ma'aunin nanomita. Idan lambar ta yi ƙasa, fasahar ta fi sabunta. A 2020 ana ƙera cif na manyan wayoyi da fasahar nanomita 5 da 7, yayin da motoci da firji da injin wanki suke amfani da na nanomita 40, 90 ko sama da haka. Wannan bambanci yana da muhimmanci wajen fahimtar abin da ya biyo baya. Ribar tana wurin sabuwar fasaha, don haka can masu zuba jari suka karkata shekara da shekaru. Tsofaffin masana'antu, musamman masu aiki da faifan santimita 20, an bar su yadda suke, kuma tun kafin annoba suna aiki dab da iyakar ƙarfinsu.

Yadda aka shiga ƙarancin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020. Cikin 'yan makonni masana'antun motoci a Turai da Amurka suka rufe, cinikin mota ya faɗi warwas, kamfanonin suka soke ko suka rage odar kayan haɗi, har da cif. A lissafinsu kasuwa za ta daɗe a kwance.

A daidai wannan lokaci dokar kulle ta mayar da aikin ofis da karatun makaranta cikin gida. Mutane suka rinƙa sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, kyamarar kwamfuta, talabijin, na'urar rarraba intanet da na'urorin wasa. Alƙaluman kamfanin bincike na IDC sun nuna cewa an sayar da kwamfutoci sama da miliyan 300 a 2020, ƙarin kusan kashi 13 cikin 100 a kan shekarar da ta gabata, sannan adadin ya kai kusan miliyan 349 a 2021. Wannan kasuwa ce da ta yi shekaru tana ja da baya. Wayoyi masu 5G, waɗanda ke cin cif fiye da na baya, su ma a lokacin suka fara yaɗuwa. Gurbin da masu motoci suka bari a masana'antun cif, nan take masu kayan lantarki suka cike shi.

Siyasa ta ƙara wa abin nauyi. Amurka ta sa Huawei cikin jerin kamfanonin da ta ƙaƙaba wa takunkumi a Mayun 2019, ta tsaurara shi a 2020, har TSMC ya daina ba shi kaya daga tsakiyar Satumbar 2020. Kafin wa'adin ya cika Huawei ya tara cif gwargwadon abin da ya iya saya. Abokan gogayyarsa na Sin, da suka hango kasuwar da zai bari, su ma suka shiga tarawa. A Disambar 2020 aka sa SMIC, babban maƙerin cif na Sin, cikin jerin, sai wasu abokan cinikinsa suka koma layin masana'antun Taiwan da tuni suka cika.

Cinikin mota ya farfaɗo a rabin ƙarshe na 2020, da wuri fiye da yadda aka zata, musamman a Sin. Da kamfanonin motoci suka dawo neman kaya sai suka tarar sun koma ƙarshen layi, kuma ba su da nauyin da za su tsallake shi. Motoci kusan kashi ɗaya cikin goma ne na kasuwar cif, a wurin TSMC ma ba su kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarsa ba a wancan lokaci. Volkswagen ya yi gargaɗi a Disambar 2020 cewa zai rage aiki. A Janairun 2021 har ministan tattalin arzikin Jamus, Peter Altmaier, ya rubuta wa gwamnatin Taiwan wasiƙa yana neman a taimaka wa masana'antun motocin ƙasarsa.

Da labarin ƙarancin ya bazu, sai ya soma ciyar da kansa. Kamfanin da ke buƙatar cif dubu ɗari sai ya ba da odar dubu ɗari biyu, ko ya ba da oda iri ɗaya wurin dillalai uku, da fatan a ba shi rabi. Masu ƙerawa suka kasa bambance buƙata ta gaskiya da ta tsoro. Duk wanda ya ga yadda layin gidan mai yake ninkuwa da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗin ƙarancin fetur ya san wannan hali. Wani bincike da Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka ta fitar a Janairun 2022 ya nuna cewa ajiyar cif da masu amfani da shi suke da ita ta sauko daga ta kwana 40 a 2019 zuwa ƙasa da ta kwana 5 a 2021, yayin da buƙata ta ƙaru da kashi 17 cikin 100 kacal. Ƙarin bai yi yawa ba a ido, amma babu inda za a samo shi da gaggawa.

Masifun 2021

Shekarar 2021 ta zo da jerin masifu, kuma kusan kowacce ta faɗa kan irin cif ɗin da ake nema. A Fabrairu matsanancin sanyi ya durƙusar da wutar lantarki a jihar Texas ta Amurka, masana'antun Samsung, NXP da Infineon da ke birnin Austin suka tsaya. Ba a kashe masana'antar cif a kunna kamar fitila. Faya-fayan da ke tsakiyar aiki sukan lalace, injuna kuma sai an sake tsabtace su an daidaita su, shi ya sa ta Samsung ba ta dawo daidai ba sai ƙarshen Maris.

Ranar 19 ga Maris gobara ta tashi a masana'antar Naka ta kamfanin Renesas a lardin Ibaraki na Japan. A lokacin Renesas ne ke samar da kusan kashi 30 cikin 100 na cif masu sarrafa sassan mota a duniya, kuma aikin bai koma yadda yake ba sai ƙarshen Yuni. Kwana huɗu bayan gobarar, jirgin dakon kaya Ever Given ya toshe mashigin Suwez har kwana shida.

Taiwan kuma ta shiga fari mafi tsanani cikin shekaru sama da hamsin, bayan da 2020 ta wuce babu guguwar teku ko ɗaya da ta sauka a tsibirin, alhali ita ce ke cika madatsun ruwansa. Ƙera cif yana shan ruwa ƙwarai, domin ana wanke faifai da tataccen ruwa bayan kusan kowane mataki, kuma TSMC kaɗai yana amfani da sama da tan dubu 150 a rana. Kamfanin ya koma sayen ruwa a tanka. Gwamnati ta dakatar da ban-ruwa a gonaki kimanin hekta dubu 74, ta biya manoma diyya, masana'antun suka ci gaba da aiki. Farin bai rage yawan cif sosai ba, manoman shinkafa ne suka ɗauki nauyinsa.

Abin da ya fi yin ɓarna a rabin ƙarshe na shekarar shi ne ɓarkewar nau'in korona na Delta a kudu maso gabashin Asiya. Maleshiya tana yin kimanin kashi 13 cikin 100 na aikin naɗewa da gwada cif na duniya, aikin da ke buƙatar hannun mutane da yawa. Da ma'aikata suka kamu, aka rufe masana'antu a wurare irin su Muar da Melaka, sai cif da aka riga aka ƙera suka maƙale a matakin ƙarshe. A 2022 aka ƙara da yaƙin Rasha da Yukren, wanda ya tsayar da kamfanoni biyu a Mariupol da Odesa da ke samar da kusan rabin iskar niyon da injinan zanen cif ke amfani da ita, sai kuma kullen birnin Shanghai na wata biyu. Tasirin niyon bai kai yadda aka ji tsoro ba, saboda manyan masana'antu sun yi ajiya tun bayan rikicin Kirimiya na 2014.

Motoci

Mota ta zamani tana ɗauke da cif sama da dubu. Su ne ke kula da zuba mai a inji, birki, jakar iska, sitiyari, gilashin taga, fitilu, har da kujera. Kamfanin mota ba ya sayen yawancinsu kai tsaye. Yakan sayi haɗaɗɗen sashe daga irin su Bosch, Continental ko Denso, su kuma su sayi cif daga Infineon, NXP, Renesas ko STMicroelectronics, waɗanda su ma sukan ba TSMC wani ɓangare na aikin. Da matsala ta zo, kamfanonin motoci da yawa ba su ma san a wace masana'anta ake ƙera cif ɗin da ke cikin motarsu ba.

Musanya cif da wani ma ba abu ne mai sauƙi ba. Na mota dole ya jure sanyin digiri 40 ƙasa da sifili da zafin da ya haura digiri 100, ya kuma yi aiki shekara goma sha biyar ba tare da kuskure ba, don haka tantance sabo yakan ci shekara ko fiye. Ga kuma tsarin da masana'antun motoci suka daɗe a kai na rashin tara kaya a sito, inda kayan haɗi ke isowa daidai lokacin da za a ɗaura su. Tsarin yana rage kashe kuɗi idan hanya lafiya lau take. Abin mamaki, Toyota da ya ƙirƙiro shi ne ya fara kauce masa: bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011 ya umarci masu kawo masa kaya su riƙa ajiye cif na wata biyu zuwa shida. Wannan ajiya ta riƙe shi har Agustan 2021, lokacin da matsalar Maleshiya ta tilasta masa sanar da rage aikin watan Satumba da kashi 40 cikin 100. Duk da haka a 2021 ya sayar da motoci a Amurka fiye da General Motors, wanda ke riƙe da matsayi na ɗaya tun 1931.

Ford ya yi hasashen rasa rabin motocin da ya shirya ƙerawa tsakanin Afrilu da Yunin 2021. Dubban manyan motocinsa na a-kori-kura, an gama haɗa su saura cif, aka jera su a filin tseren motoci na Kentucky, har ana ganin su a hotunan tauraron ɗan'adam. Babbar masana'antar Volkswagen ta Wolfsburg ta fitar da motoci kimanin dubu 400 a 2021, adadin da rabon da a ga ƙasa da shi tun ƙarshen shekarun 1950. Opel ya rufe masana'antarsa ta Eisenach daga Oktoba har ƙarshen shekara. Wasu kamfanonin suka zaɓi cire abubuwa: General Motors ya fitar da motoci babu na'urar ɗumama kujera, BMW ya cire allon taɓawa a wasu samfura, Peugeot ya mayar da tsohon agogon gudu mai allura a samfurin 308. Kamfanin ba da shawara na AlixPartners ya ƙiyasta a Satumbar 2021 cewa za a rasa motoci miliyan 7.7 da cinikin dala biliyan 210 a shekarar.

Asarar ba ta faɗa kan kowa daidai ba. Kamfanonin sun karkatar da ɗan cif ɗin da suka samu zuwa motoci masu tsada, suka daina yin rangwame, kuma da yawansu sun ci riba mai kauri a 2021 duk da ƙarancin motocin da suka sayar. Ma'aikatan da aka tura hutun dole da masu sayen ƙananan motoci ne suka ji jiki. A Amurka farashin motocin hannu ya tashi da kusan kashi 37 cikin 100 tsakanin Disambar 2020 da Disambar 2021. Wannan ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye, domin daga kasuwannin gwanjon Amurka da Turai ake sayo yawancin motocin da ake saukewa a tashoshin Kwatano da Legas, a wuce da su Kano ko Maraɗi. A Najeriya tashin ya haɗu da faɗuwar darajar naira da tsadar jigilar kwantena, ta yadda mai saye ba zai iya ware kason kowannensu ba.

Motoci masu amfani da lantarki

A ƙa'ida motar lantarki ce ya kamata ta fi shan wahala, domin ta fi mai amfani da fetur cin cif, sau da yawa ninki biyu. Bayan na sarrafawa da kowace mota ke da su, tana buƙatar masu lura da caji da zafin kowane rukuni na batir, da kuma manyan cif na wuta da ke juya wutar batir zuwa irin wadda injin ke aiki da ita. Amma a cikin shekarun ƙarancin ne cinikinta ya fi haɓaka. Bisa alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya, an sayar da kimanin miliyan 3 a 2020, miliyan 6.6 a 2021, sama da miliyan 10 a 2022.

Dalili ɗaya shi ne zaɓin da kamfanoni suka yi. A Tarayyar Turai sabuwar dokar rage hayaƙi ta fara aiki sosai a 2020 da 2021, tare da tara mai nauyi ga wanda ya zarce iyaka, don haka motar lantarki ta shiga sahun waɗanda ake fara ba cif. Volkswagen, wanda jimillar cinikinsa ta ragu a 2021, ya kusa ninka na motocinsa masu batir zalla zuwa kimanin dubu 450.

Dalili na biyu ya shafi yadda aka gina kamfanonin. Tesla yana rubuta yawancin manhajar motarsa da kansa, kuma yana hulɗa da masu cif kai tsaye. Idan wani cif ya yanke, injiniyoyinsa sukan nemo makamancinsa su sake rubuta manhajar cikin makonni, aikin da kamfanin da ya dogara da masu kawo kaya ba zai iya yi da kansa ba. Ya miƙa motoci kimanin dubu 936 a 2021, ƙarin kashi 87 cikin 100. Shi ma bai tsira gaba ɗaya ba, domin ya fitar da wasu motoci babu wasu ramukan caji na USB, ya kuma cire na'urar daidaita bayan kujerar fasinja. BYD na Sin kuwa yana da reshensa na ƙera cif na wuta, baya ga batir da yake yi da kansa. Ya kamata a tuna cewa waɗannan kamfanoni ƙanana ne a lokacin idan aka kwatanta da Toyota mai ƙera wajen miliyan goma a shekara, kuma cike giɓin mota miliyan ɗaya ya fi sauƙi. Wasu masu motocin lantarkin sun tsaya cak: NIO ya dakatar da aiki kwana biyar a Hefei a ƙarshen Maris 2021, Ford kuma ya tsayar da layin Mustang Mach-E na ɗan lokaci a Fabrairun 2022.

Kwamfuta, waya da na'urorin wasa

A nan ne ƙarancin ya taɓa sabuwar fasaha. Xbox Series X ya fito ranar 10 ga Nuwamba 2020, PlayStation 5 ranar 12, dukansu da cif na AMD da TSMC ke ƙerawa. Da zarar an saka su a shagunan intanet sai su ƙare cikin mintuna, sau da yawa a hannun 'yan kasuwa masu amfani da manhajar saye ta atomatik, waɗanda ke sake sayar da na'urar dala 499 a kusan ninki biyu. Sony ya rage hasashen cinikinsa na shekarar kuɗi ta 2021 daga miliyan 14.8 zuwa miliyan 11.5, kuma sai a Janairun 2023 ya sanar cewa samun na'urar ya yi sauƙi.

Katin sarrafa hoto na kwamfuta ya fi haka tsanani, saboda masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum suna amfani da shi, kuma darajar kuɗin ta yi tashin gwauron zabo a 2021. Katin RTX 3080 na Nvidia, wanda farashinsa na kamfani dala 699 ne, an rinƙa sayar da shi fiye da ninki biyu. Nvidia ya gwada rage ƙarfin haƙa a wasu katunan domin su isa hannun masu wasa. Matsalar ta lafa ne bayan faɗuwar kasuwar kirifto a 2022, da kuma sauyin da Ethereum ya yi ranar 15 ga Satumba 2022, wanda ya kawo ƙarshen haƙarsa da katin hoto.

Ko a kwamfuta da waya, ƙananan cif sun hana manya aiki. Kwamfutar da babban cif ɗinta ke hannu takan tsaya jiran ɗan cif mai tafiyar da allo ko mai daidaita wuta. Shugaban Apple, Tim Cook, ya ce a Oktoban 2021 ƙarancin kaya ya jawo wa kamfanin asarar cinikin kusan dala biliyan 6 cikin wata uku, kuma ya danganta yawancin matsalar da cif na tsohuwar fasaha. Canon ya fitar da robobin tawadar injin buga takardu babu cif ɗin da ke tantance su, ya koya wa masu saye yadda za su tsallake gargaɗin da injin zai nuna. Jabun cif da waɗanda aka ciro daga tsofaffin na'urori suka yawaita a hannun dillalai, kuma a Satumbar 2021 hukumar kula da kasuwa ta Sin ta ci tarar dillalai uku saboda tsawwala farashin cif na mota.

Lafawa

Masana'antun ba su zauna ba a duk tsawon lokacin. A 2021 an fitar da cif kimanin tiriliyan 1.15, adadi mafi yawa a tarihi zuwa lokacin, cinikin sana'ar kuma ya tashi daga dala biliyan 440 a 2020 zuwa biliyan 556. Lokacin jira tsakanin oda da isowar kaya, wanda kafin annoba yake wajen mako 13, ya kai ƙololuwarsa ta kusan mako 27 a Mayun 2022, daga nan ya soma sauka.

Abin da ya kawo sauƙi da farko raguwar buƙata ce. Hauhawar farashi da tashin kuɗin ruwa sun sa mutane sun rage saye, wanda ya sayi kwamfuta a 2020 kuma bai buƙaci wata a 2022 ba. Cinikin kwamfuta ya faɗi da kusan kashi 16 cikin 100 a 2022. Odar tsoro da aka yi ta bayarwa sai ta zama kaya jibge a sito. Masu ƙera cif na adana bayanai ne suka fi shan kashi: Micron ya sanar da rage kashi 10 cikin 100 na ma'aikatansa a Disambar 2022, ribar Samsung ta wata ukun farko na 2023 ta faɗi da kusan kashi 95 cikin 100, har ya rage yawan abin da yake ƙerawa. Na motoci ne suka fi jinkirin daidaita, sai cikin 2023.

Matakan gwamnatoci

Ƙarancin ya mayar da cif batun tsaron ƙasa, musamman ganin yadda aikin ya taru a Taiwan, tsibirin da Sin ke iƙirarin mallakarsa. Kason Amurka a ƙera cif ya sauko daga kashi 37 cikin 100 a 1990 zuwa kusan 12. Ranar 9 ga Agusta 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar CHIPS, wadda ta ware dala biliyan 52.7, biliyan 39 daga ciki tallafi ne ga masu gina masana'antu. Tarayyar Turai ta yi tata dokar, wadda ta fara aiki a Satumbar 2023, da burin tattara yuro biliyan 43 da ninka kasonta zuwa kashi 20 cikin 100 kafin 2030. Indiya ta sanar da shirin kusan dala biliyan 10 a Disambar 2021. Japan ta tallafa wa TSMC ya gina masana'anta a Kumamoto, aka buɗe ta a Fabrairun 2024.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo a kan lokacin da zai magance ƙarancin da ya haife shi, kuma kaso mai yawa na kuɗin ya tafi ga sabuwar fasaha, irin ta masana'antun TSMC a Arizona, Samsung a Taylor ta Texas da Intel a Ohio, alhali tsohuwar ce ta tsayar da motoci. Wasu ayyukan ma sun ci karo da faɗuwar kasuwa: babbar masana'antar da Intel ya sanar a 2022 zai gina a Magdeburg ta Jamus an ɗage ta a 2024, daga baya aka fasa. Sin ce ta fi kowa faɗaɗa masana'antun tsohuwar fasaha, tunda takunkumin Amurka ya toshe mata hanyar sabuwar. A Turai aikin da ya nufi motoci kai tsaye shi ne na Dresden, haɗin gwiwar TSMC da Bosch da Infineon da NXP, wanda aka aza harsashinsa a Agustan 2024, aka kuma tsara ya fara fitar da cif a ƙarshen 2027.